Aikatau ‘take’ na Ingilishi da mafayyatan da ke biye da shi

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani lungu na nahawun Ingilishi wanda littattafan koyarwa suka saba tsallakewa, watau dangantakar da ke tsakanin aikatau ‘take’ da ƙananan kalmomin nan da ke shiga tsakaninsa da sunan da ke biye da shi, irin su ‘a’, ‘the’, ‘my’, ‘his’, ‘no’ da ‘some’. Waɗannan kalmomi su ne za mu riƙa kira mafayyata, domin aikinsu shi ne fayyace suna: wanne ake nufi, na wa ne, nawa ne, an san shi ko ba a san shi ba. A shekarar 2025 dokar tsarin ƙasar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan fassara daga Ingilishi zuwa Hausa kai tsaye, ba tare da an ratsa ta Faransanci ba, aiki ne da ke jiran masu ƙamus da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, kuma wannan aikatau na cikin abubuwan farko da za su yi tuntuɓe da su.

Bari mu fara da misalai biyar. Aikatau ɗaya ne a cikinsu duka, suna ma ɗaya ne, abin da ke tsakani kaɗai ke sauyawa.

(1) The meeting took place on Monday. “An yi taron ranar Litinin.”
(2) She took a place at the back. “Ta kama wuri a baya.”
(3) The plastic bowl took the place of the calabash. “Roba ta maye gurbin ƙwarya.”
(4) He took his place. “Ya je ya zauna a wurinsa.”
(5) She took first place. “Ta zo ta ɗaya.”

Mai karatu zai lura cewa Hausa ta bukaci aikatau biyar dabam-dabam, watau yi, kama, maye, zauna da zo, kuma ‘ɗauka’, wanda shi ne ɗalibi ke haddacewa a matsayin ma'anar ‘take’, bai fito ko sau ɗaya ba. Abin da Hausa ke bambantawa ta hanyar sauya aikatau, Ingilishi na bambanta shi da ƴar kalmar da ba ta wuce baƙi biyu ko uku ba, wani lokaci ma da rashinta.

Shi kansa ‘take’ baƙo ne a Ingilishi. Tsohon Ingilishi yana da ‘niman’, ɗan'uwan ‘nehmen’ na Jamusanci, sai aka aro ‘taka’ daga harshen mutanen Arewacin Turai da suka zauna a gabashi da arewacin Ingila. Ya fara bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 11, kuma zuwa wajen shekarar 1500 ya kore ɗan gida, wanda ba a bar masa ba sai ɓurɓushi a kalmomi irin su ‘numb’. A yau yana cikin aikatau goma sha biyu da suka fi yawan fitowa a harshen, kamar yadda babban nahawun Biber da abokan aikinsa na 1999 ya nuna. Mafayyatan ma haka suke. A cikin taskar rubuce-rubucen Jami'ar Brown ta Amurka, mai kalmomi kimanin miliyan ɗaya, wadda aka buga ƙididdigarta a 1967, ‘the’ ita ce ta ɗaya, da kusan kashi 7 cikin 100 na dukkan kalmomin, ‘a’ kuma ita ce ta biyar. Saboda haka haɗuwar waɗannan da wancan abu ne na kowane shafi.

Idan ‘take’ yana ɗauke da ma'anarsa ta zahiri, watau sa hannu a ɗauki abu, babu wata matsala ta musamman. ‘Take a book’ ɗauki littafi ne, kowanne. ‘Take the book’ ɗauki littafin da aka sani. ‘Take my book’ ɗauki nawa. Mafayyaci a nan yana aikinsa na kullum, kuma da za a sa wani aikatau a gurbin ‘take’ ba abin da zai sauya. Ba za mu tsaya a kan wannan ba. Maganarmu tana wurin da aikatau ya yi sako-sako da ma'anarsa ya jingina da suna. Otto Jespersen, masanin nahawu ɗan ƙasar Danmak, shi ne ya laƙaba wa irin wannan suna aikatau “mara nauyi”. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin haka ‘yi’ yake a cikin yi wanka, yi barci, yi magana, yi haƙuri. Bambancin shi ne, sunan da ke bayan ‘yi’ yakan zo tsirara, amma na bayan ‘take’ dole a zaɓa masa tufa, ko a yanke shawarar barinsa haka.

Inda babu mafayyaci

Akwai rukuni babba wanda suna ke manne da aikatau ba tare da komai a tsakani ba: ‘take place’ (faru), ‘take part’ (shiga cikin abu), ‘take care’ (kula), ‘take note’ (lura), ‘take effect’ (fara aiki), ‘take root’ (kafu), ‘take office’ (kama mulki), ‘take charge’ (karɓi ragama), ‘take offence’ (ji haushi), ‘take cover’ (fake), ‘take advantage’ (ci moriya). Abin mamaki shi ne da yawa daga cikin sunayen nan, irin su ‘place’, ‘part’, ‘note’ da ‘root’, sunaye ne masu ƙirguwa, waɗanda ƙa'idar aji ta ce ba su zuwa a tilo sai da mafayyaci. A nan suna ya daina nuna wani abu a duniya. Babu wani wuri da taro ya ɗauka a misali na (1), shi ya sa ba a iya tambaya wane wuri ne, ba a kuma iya mayar da shi wakilin suna.

Kuskure ne a ɗauka cewa dukkan ƴan rukunin daidai suke wajen daskarewa. Akwai mataki-mataki, kuma ana gane matakin kowanne ta hanyar gwaji uku: ko yana karɓar sifa, ko yana karɓar ‘no’, ko kuma sunan yana iya komawa farkon jimla a juya ta. Tauraro a gaban jimla alama ce ta cewa masu harshen ba su faɗar haka.

(6) They took great care. “Sun kula ƙwarai.”
(7) Care was taken. “An kula.”
(8) He took an active part in the talks. “Ya taka muhimmiyar rawa a tattaunawar.”
(9) He took no part in the talks. “Bai sa baki a tattaunawar ba sam.”
(10) *The meeting took a sudden place.
(11) *Place was taken by the meeting.

‘Care’ suna ne mara ƙirguwa, yana karɓar sifa ba tare da ya nemi ‘a’ ba, yana kuma yarda a juya jimla. ‘Part’ yana tsakiya, kuma shi ne ya fi ban sha'awa: muddin shi kaɗai ne, tsirara yake zuwa, amma da zarar an sa masa sifa sai ‘an’ ta dawo, kamar dai sifar ta tashe shi daga barci ya tuna cewa shi suna ne mai ƙirguwa. ‘Place’ kuwa ya riga ya sandare, ba ya karɓar kome. A ganinmu ‘take place’ kalma ɗaya ce da ake rubutawa a rabe, kuma haka ya kamata a koyar da ita.

Ɗalibin Nijar yana zuwa ga Ingilishi ne a kwaleji, bayan ya shafe shekaru da Faransanci, kuma a wannan rukuni Faransanci na yi masa rana sau da yawa: ‘prendre part’, ‘prendre soin’, ‘prendre note’, ‘prendre effet’, ‘prendre racine’, duk tsirara suke kamar takwarorinsu. Wannan dacewa ita ce kuma ke sa shi sakin jiki har ya faɗa rami. ‘Prendre place’ ma'anarsa zauna, watau ‘take a seat’, alhali ‘take place’ shi ne ‘avoir lieu’. Wanda ya gaya wa baƙo ‘take place’ da nufin ya zauna, ya umurce shi ne da ya faru.

Inda ‘a’ ke shiga

Wannan shi ne rukunin da ya fi yawa a bakin mutane a hirar yau da kullum: ‘take a look’, ‘take a walk’, ‘take a bath’, ‘take a nap’, ‘take a break’, ‘take a breath’, ‘take a sip’, ‘take a bite’. Yawancin sunayen daga aikatau suka fito, ba tare da an ƙara musu ɗafi ba. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, tun da akwai ‘look’ da ‘walk’ a matsayin aikatau, mene ne amfanin wannan zagaye?

Amsar tana cikin asalin ‘a’ kanta, wadda ta samo tushe daga kalmar tsohon Ingilishi mai nufin ɗaya. Aikatau ‘walk’ ba shi da iyaka, mutum na iya yinsa har rana ta faɗi. Amma ‘a walk’ yanki guda ne na tafiya, mai farko da ƙarshe. Mafayyacin ya yanka aikin ya mai da shi abin ƙirgawa, har ana iya cewa ‘take another look’ ko ‘take two deep breaths’. Anna Wierzbicka, a wata maƙala da ta buga a mujallar Language a 1982, ta yi nazarin ɗan'uwan wannan tsari mai amfani da ‘have’, ta nuna cewa aikin yakan kasance na ɗan lokaci, wanda mai yinsa ke yi don kansa, ba don cim ma wata manufa ta waje ba. Bayanin ya dace da yawancin misalan ‘take’. Wanda ya taka da ƙafa zuwa asibiti da mara lafiya a kafaɗa ‘he walked’ za a ce, domin ‘he took a walk’ yana ɗauke da ƙanshin shan iska. Haka kuma ba kowane aikatau ke shiga ba. Ana cewa ‘take a look’, ba a cewa *‘take a see’. Ana cewa ‘take a bite’, ba a cewa *‘take an eat’. Dubawa abu ne da mutum ke yi da gangan ya kuma daina, gani kuwa zuwa yake yi.

Akwai kuma wata fa'ida ta tsarin jimla. Suna yana ɗaukar sifa cikin sauƙi fiye da yadda aikatau ke ɗaukar bayanau, saboda haka ‘take a long hard look’ ya fi daɗin faɗa a kan a jera bayanau biyu bayan ‘look’.

To, da me Hausa ke mayar da wannan ‘a’? Jadawalin da aka saba bai wa ɗalibai yana cewa ‘a’ daidai take da wani ko wata. Wannan jadawali ya yi ɓarna mai yawa. Wani da wata, kamar yadda Jaggar ya bayyana a nahawunsa na 2001, suna nuna takamaiman abu ne wanda mai magana ke da shi a zuci, mai sauraro bai riga ya san shi ba, kuma galibi za a ci gaba da maganarsa. Wanda ya ce “ya yi wani wanka” yana nufin wankan na dabam ne, akwai labari a bayansa. ‘He took a bath’ kuwa “ya yi wanka” ne kurum. Abin da ya fi kusa da aikin ‘a’ a wannan rukuni ba mafayyaci ba ne ma, kalmar ‘ɗan’ ce da ke zuwa gaban aikatau:

(12) Take a look. “Ɗan duba.”
(13) Let's take a break. “Mu ɗan huta.”
(14) He took a walk. “Ya ɗan taka.”

A wasu wuraren kuma Hausa tana da aikatau na musamman wanda taƙaitawar ke cikinsa tun asali: kurɓa a wajen sha, gutsura a wajen ci, leƙa a wajen duba, rintsa a wajen barci. Mai ƙamus da ya san harshensa zai nemo waɗannan kafin ya kai hannu ga wani da wata.

Sai a lura da bambancin Ingila da Amurka. Inda Ba'amurke ke cewa ‘take a bath’, ‘take a shower’, ‘take a nap’, mutumin Ingila ya fi karkata ga ‘have’. Akasin haka, ‘take a decision’ ya fi zama a Ingila, Amurkawa ‘make’ suka fi sani, ko da yake a Ingila ma ana amfani da shi. Aikatau na sauyawa daga gaɓar teku zuwa gaɓa, mafayyacin kuwa yana nan inda yake. Game da ‘take an exam’, malaman kwaleji sun san tarkon: Faransanci na cewa ‘passer un examen’ da nufin zama jarrabawa, alhali ‘pass an exam’ cin ta ne.

Inda ‘the’ ke shiga

Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce ‘the’ na nuna abin da aka riga aka ambata ko aka sani. Wannan shi ne kusan ainihin aikin madanganci -n da -r na Hausa, kamar a cikin littafin da motar, wanda Newman a nahawunsa na 2000 ya nuna cewa ya fi ‘the’ ƙuncin fage, domin galibi sai an riga an yi maganar abu yake fitowa. Amma duba wannan:

(15) Ali took the bus to Zinder, and so did Binta. “Ali ya shiga mota zuwa Damagaram, Binta ma haka.”

Ba a taɓa ambatar wata mota ba, kuma jimlar gaskiya ce ko da Ali ya tafi da safe Binta ta bi da maraice a wata motar dabam. Masana ma'ana suna kiran wannan raunanan fayyacewa. Poesio ya yi amfani da laƙabin a 1994, Carlson da Sussman kuma suka faɗaɗa binciken a 2005. Abin da ‘the bus’ ke nunawa a nan hanyar sufuri ce da kowa ya sani, ba ƙarfe mai lamba ba. Haka ‘take the train’, ‘take the stairs’, ‘take the lift’. Ana gane raunin ne da saurin ɓacewarsa: da an ce ‘the old bus’ ko ‘the buses’, maganar ta koma kan takamaiman motoci. Fassarar da ta dace ita ce suna tsirara, “ya shiga mota”, daidai da yadda muke cewa ya tafi kasuwa, ya je asibiti. Wanda ya rubuta “ya shiga motar” ya sa mai karatu neman wadda aka ambata a baya, ba kuwa zai same ta ba.

Taksi bai bi sahu ba. ‘Take a taxi’ ake cewa, ‘take the taxi’ kuwa sai in akwai wani sananne da ke jira a ƙofa. Dalilin, a ganinmu, shi ne jirgi da bas tsari ne mai hanya da lokaci wanda yake nan ko da fasinja ko babu, taksi kuwa ɗaya-ɗaya ake tsayar da shi. Ana iya cewa ‘take a bus’ ma, idan hankali na kan mota guda daga cikin masu yawa. In kuma aka bar ‘take’ aka koma ga ‘by’, mafayyaci ya ɓace gaba ɗaya: ‘by bus’, ‘by taxi’.

Rukuni na biyu na ‘the’ ya ƙunshi matsayin da mutum ɗaya kaɗai ke riƙewa a lokaci guda: ‘take the lead’ (shige gaba), ‘take the floor’ (karɓi magana a taro), ‘take the chair’ (shugabanci zama), ‘take the blame’ (ɗauki laifi). Kujerar shugaba ɗaya ce, shi ya sa ‘take the chair’ ya bambanta da ‘take a chair’, wanda tayin zama ne. A kotunan Amurka ‘take the stand’ tsayawa ba da shaida ne, ‘take a stand’ kuwa kafewa ne a kan ra'ayi.

Na uku shi ne inda abin da ya halatta ‘the’ yake gaba, ba baya ba: ‘take the trouble to’, ‘take the time to’, ‘take the opportunity to’, ‘take the view that’, ‘take the liberty of’. Sunan ya zama sananne ne saboda bayanin da ke biye da shi. A nan Hausa ta yi kusa da Ingilishi fiye da ko'ina, domin mahaɗin -n da -r na yin irin wannan ɗauri: ya ɗauki wahalar zuwa, ya ɗauki nauyin karatunsa. Wannan ne wuri ɗaya da malami zai iya cewa ɗalibi ya bi kunnensa na Hausa.

Mallaka

Mafayyatan mallaka iri biyu ne bayan ‘take’. A wasu maganganu mai abin kowa ne: ‘take my advice’, ‘take his word for it’, ‘take her temperature’. A wasu kuwa dole mallakar ta koma kan aikau. ‘I took my time’, ‘she took her time’, ma'anarsu yin abu a tsanake; da zarar an ce ‘she took my time’ ma'anar ta tashi, ta koma cinye wa wani lokaci. Misali na (4) da ke sama yana da fuska biyu saboda wannan dalili: in ‘his’ na aikau ne, mutum ya koma wurinsa, in na wani ne, ya gaje shi. Inda kuskuren fahimta zai yi muni, Ingilishi na ƙara ‘own’, kamar a ‘he took his own life’, abin da Hausa ke warwarewa da kalmar kai: ya kashe kansa.

Sunan ‘time’ shi kaɗai ya isa darasi. ‘It takes time’, abu ne mai cin lokaci. ‘It took a long time’, an daɗe. ‘Take the time to read it’, keɓe lokaci ka karanta. ‘Take your time’, yi sannu, ba gaggawa. Haka ‘chance’: da ‘a’ kasada ce, da ‘the’ amfani ne da damar da ta samu, ‘take your chances’ rungumar duk abin da ya zo, ‘take no chances’ kuwa toshe duk wata kafa. A gaɓoɓin jiki akwai zaɓi biyu, ‘he took her hand’ da ‘he took her by the hand’, kuma Hausa na da biyun: ya kama hannunta, ya kama ta a hannu.

Mafayyatan adadi ba su da rikici sosai, sai dai ‘some’ da ke juyewa ta nufi yawa a cikin ‘that will take some doing’, watau sai an yi da gaske. Amma akwai fage ɗaya da kuskure a cikinsu ya wuce batun maki a jarrabawa. Magunguna da yawa da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da Ingilishi aka rubuta bayaninsu, kuma kusan kowane layi da ‘take’ yake farawa, wanda a nan sha ne ko haɗiya. ‘Take all the tablets’ a takardar magani yana nufin a ci gaba da sha bisa ƙa'ida har su ƙare. Mai fassarar da ya rubuta “shanye ƙwayoyin duka” ya buɗe ƙofar a haɗiye su a zama ɗaya. ‘Every other day’ a sha yau a tsallake gobe ne, ba kowace rana ba. Gargaɗin da ke kan kwalin farasitamol mai miligiram 500, cewa babba kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, iyaka ce ta sama, ba umurnin a sha takwas ba. Duk littafin yaƙi da jahilci da zai taɓa kiwon lafiya ya kamata a sa wa irin waɗannan layuka ido biyu.

Abin da kunne ke ji

Saura tambaya guda: me ya sa ɗalibin da ya san ƙa'ida yake ci gaba da yar da mafayyaci? Wani ɓangare na amsar a furuci yake. A maganar yau da kullum ‘a’ ba ta da ƙarfin murya ko kaɗan, ɗan wasali ne raunana da ke manne da ƙarshen ‘take’. Hausa kuwa harshe ne da yawancin kalmominsa da wasali suke ƙarewa, kuma ya saba liƙa wasali a ƙarshen kalmomin aro, kamar yadda aka samu bokiti da kofi. Kunnen da ya saba da haka zai ji wasalin da ke bayan ‘take’ a matsayin ciko, ba kalma mai zaman kanta ba. Abin ya ƙara cakuɗewa a Ingilishin kudancin Ingila, inda ‘her’ mara ƙarfi ke rasa baƙinta na farko da na ƙarshe, har ‘take a seat’ da ‘take her seat’ su iya fita da sauti ɗaya. Kanun labaran jaridu ma ba su taimaka ba, domin al'adarsu ce zubar da mafayyata: ‘President takes oath’, alhali a cikin labarin ‘took the oath’ za a tarar. Faransanci kuma na tura ɗalibi ta ɗaya gefen, ya sa mafayyaci inda ba a so. ‘Prendre le petit déjeuner’ na haifar da *‘take the breakfast’ a maimakon ‘have breakfast’, ‘prenez-vous du sucre’ kuma na sa a cusa wani abu a cikin ‘do you take sugar’, inda sunan ke zuwa tsirara domin ɗabi'a ake tambaya. Saboda haka shifta da karatu a bayyane, inda malami ke furta jimla da saurinta na ainihi ɗalibi ya rubuta, sun fi cike gurbi a takarda amfani a wannan babi.

Ga masu ƙamus, shawararmu ita ce kada a tara kome a ƙarƙashin ‘take’. Ƙamusun COBUILD na 1987, wanda John Sinclair ya jagoranta, an gina shi ne a kan abin da aka tarar a taskar rubuce-rubuce, kuma darasin da aikin ya bayar shi ne cewa a irin waɗannan aikatau ma'ana tana cikin gungun kalmomi ne gaba ɗaya. Mai neman ‘take your time’ ya fi saurin samunsa a ƙarƙashin ‘time’, inda layi huɗu za su wadatar, da ya yi ta laluben shafi uku na ‘take’. A kowane layi a rubuta mafayyacin a cike, a ba da jimla sukutum da fassararta, a kuma nuna ko sunan na karɓar sifa da ‘no’. Inda mallaka ke komawa kan aikau, a ba da misali biyu da mutum dabam-dabam, ‘I took my time’ da ‘they took their time’, domin ‘one's’ da ƙamusoshi suka saba sakawa ɗalibai na kwafe ta yadda take su zuba a jimla. In ƙamusun mai harshe uku ne, a sa alama a kan wuraren da Faransanci ya saɓa, irin su ‘place’ da ‘examen’. Sai kuma a yanke tun farko wane Ingilishi za a sa a gaba. Wanda ake ji daga Katsina da Kano da Sakkwato, da wanda ke cikin littattafan makarantun Nijeriya, a kan na Ingila aka gina shi, wanda ke shigowa ta finafinai da intanet kuwa galibi na Amurka ne, kuma ɗalibin Tawa ko na Yamai da duka biyun yake cin karo. Layin wanka dai dole ya ɗauki ‘have a bath’ da ‘take a bath’ tare, kowanne da alamar ƙasarsa.